Dylan ko Kendrick: Wa Ya Fi Iya Tsara Baiti?

Idan kana cikin masu cewa rap surutu ne kawai a kan kiɗa, tsaya ka ji. A 2016 aka ba Bob Dylan, gwarzon folk rock na Amurka, kyautar Nobel ta adabi. A 2018 Kendrick Lamar ya lashe Pulitzer da albam ɗinsa DAMN., kuma a rukunin kiɗa, inda kafin shi masu kiɗan gargajiyar Turawa da jazz ne kaɗai ke cin ta.

To, da wane mudu kake auna su? Dylan yana da fili: jita na tafiya sannu, hoto ɗaya ya zauna maka a zuciya. Ko a takarda ka karanta baitinsa, zai tsaya da ƙafarsa.

Mai rap kuwa a matse yake. Yawanci layi 16 gare shi, ya cusa labari, ya sa kafiya a ƙarshe, wata a tsakiyar layi, salon da Rakim ya yi fice da shi tun 1987. Duk da haka ba a yarda gaɓa ɗaya ta zame daga kiɗa. Ni dai a ganina wannan ya fi wuya. Amma fa kada ka yi wa Kendrick alƙalanci a takarda, sa shi a kunne tukuna.