Masu kiwon ƙwayar cutar dengi don a iya gano ta a jinin mutum

Idan jiki ya yi zafi a ƙasashenmu, kowa masassarar cizon sauro yake cewa. To amma akwai wata cutar da ke shigowa da irin wannan kama, ita ce dengi, wadda sauron Ayides mai zanen fari da baƙi yake yaɗawa da rana. A shekarar 2023 ta kashe mutane sama da 600 a Burkina Faso, kuma a watan Agusta na wannan shekarar ƙasar Cadi ta bayyana ɓarkewarta a Abeshe. Maganin masassarar cizon sauro ba ya yi mata komai, shi ya sa gano ta da wuri ke da muhimmanci.

To yaya ake gano ta? Idan ƙwayar cutar ta shiga jiki, bayan kamar kwana 5 jini yakan fara ƙera garkuwar yaƙi da ita. Don a ga wannan garkuwa a ɗakin bincike, sai an tara mata wani sashe na ita kanta ƙwayar cutar, kamar yadda masunci ke sa abinci a ƙugiya. Wannan sashe shi masana ke kira antijen.

Ƙwayar dengi ba ta hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin halitta masu rai. A da, cikin ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye ake kiwonta. A 1967 wani masani mai suna Singh a birnin Pune na Indiya ya yi nasarar raya ƙwayoyin halittar tsutsar sauro a cikin kwalba. A 1978 kuma Akira Igarashi na Japan ya ware wani iri daga cikinsu, aka sa masa suna C6/36, wanda har yau ake amfani da shi a duniya.

Ana ajiye kwalbar a ɗumin da ya kai digiri 28, a zuba ƙwayar cutar, a bar ta kwanaki ta yi yawa. Daga nan a kwashe ruwan, a kashe ƙarfin cutar, a yi kayan gwaji da shi. Da yake dengi iri 4 ce, kowane iri kiwonsa daban. A yankinmu, cibiyar Pasteur ta Dakar na cikin wuraren da ake kai jini don tabbatar da cutar.

Jama'a, namu aikin a gida yake. A rufe randa da tulu, a zubar da ruwan da ya kwanta cikin tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Wanda gwaji ya nuna ba shi da masassarar cizon sauro amma zafin jiki bai sauka ba, ya koma wurin likita, kuma ya guji asfirin, domin yana ƙara haɗarin zubar jini. Allah ya ba mu lafiya.