Gidan Alhassan Ɗantata: Tarihi da Tsarin Kasuwancinsa

A ƙasar Hausa an saba ganin dukiyar attajiri ta bi shi kabari. Da zarar an yi sadakar arba'in aka raba gado, sai jari ya kakkarye, yaran gida su watse, kowa ya kama gabansa. Gidan Alhassan Ɗantata na Kano yana cikin 'yan tsirarun gidajen da suka tsallake wannan rami, domin ya shafe fiye da shekara ɗari ana damawa da shi a harkar ciniki.

An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuri'ar Agalawa, waɗanda suka shahara da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun yana ƙarami, sai rainonsa ya koma hannun wata tsohuwa mai suna Tata, kuma daga nan ne laƙabin Ɗantata ya samo asali. Da ya tasa sai ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja. Fataken da suka gabace shi kan yi watanni a hanya da ayarin jakuna, shi kuwa ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar tekun ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Ikko, ya rage tsawon tafiya da asarar kaya.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ce ta sauya komai. Kamfanonin Turawa suna son gyaɗa, amma ba su san manomi ba, manomi ma bai san su ba. Wanda ya san ƙauyuka, yake da yara a kasuwanni, shi ne bafatake. Alhassan ya zama babban mai saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa, daga baya kuma kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929. A wannan shekarar ce aka ruwaito ya kai kuɗin azurfa na raƙumi ashirin ajiya a reshen Bank of British West Africa na Kano.

Yadda harkar ke gudana ya cancanci ɗalibi ya tsaya a kansa, domin tsari ne na gargajiya da aka ɗora wa kayan zamani. Kamfani zai ba ubangida kuɗi tun kafin kaka. Ubangida ya rarraba wa yaransa, su kuma su ba nasu yaran, har kuɗin ya kai ga mai awo a kasuwar ƙauye. Galibi babu takardar yarjejeniya, amana ce jingina. Ubangida ne ke yi wa yaro aure, ya ba shi muhalli, ya rufa masa asiri idan ya karye, in ya ga ya kawo ƙarfi ya yaye shi da jari. Wanda ya ci amana kuwa ya rufe wa kansa ƙofa, don labarinsa zai riga shi isa kowace kasuwa. Irin wannan tsari ne ya riƙa kwashe gyaɗa da audugar manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya a 1929. A Kano kuwa buhunan da ke jiran jirgi su ne aka riƙa jerawa har suka zama dalar gyaɗa.

Alhassan ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955. Kafin rasuwarsa ya riga ya tattara harkokinsa a ƙarƙashin kamfani mai suna Alhassan Dantata and Sons, kuma wannan ne ya taimaka aka raba gado ba tare da sana'ar ta mutu ba. Ɗansa Ahmadu ya ja ragama, da ya rasu a 1960 sai ƙanensa Aminu ya karɓa, yayin da Sanusi ya bunƙasa nasa reshen a sayen gyaɗa da sufuri.

Gyaɗar kanta ba ta ɗore ba. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 suka durƙusar da ita, dalar ta ɓace. Amma kafin lokacin gidan ya riga ya shiga gine-gine da sayar da kayan gini da masana'antu, dokar mayar da hannayen jarin kamfanonin baƙi ga 'yan ƙasa ta 1972 kuma ta ƙara buɗe masa hanya. Kamfanin gina hanyoyi na Dantata and Sawoe yana cikin abin da wannan zamani ya haifar. Aminu ya rasu a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina.

Reshen da ya fi kowanne tsawo ta wajen mace ya fito. Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, ɗan Mariya ne 'yar Sanusi. Ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu a cikin dangi, yana sayo siminti da sukari da shinkafa yana sayarwa. Daga baya ya koma sarrafa su da kansa, ya kafa masana'antar siminti a Obajana ta jihar Kogi, sannan aka ƙaddamar da matatar mansa a Lekki ta jihar Legas a watan Mayun 2023, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a kowace rana.