Asusun sandikar malamai a jihohin Nijar: abin da ke cika shi da abin da ke rage shi

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba asusun reshen jiha na sandikar malaman makaranta, irin na SNEN a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, tun daga 1990. Ra'ayinmu shi ne, ƙarfin wannan asusu bai dogara ga yawan malamai ba, ya dogara ne ga irin albashin da suke samu da lokacin da ake biyansu.

Babbar hanyar samun kuɗin reshe ita ce kuɗin kati da membobi ke biya. Daga ciki ake aika kason uwar ƙungiya zuwa Yamai, abin da ya rage shi ne na takarda, na motar wakilai masu zagaya makarantun karkara, da na taro. Ke nan, duk watan da albashi bai fito ba, ma'ajin reshe ba ya da wanda zai tambaya.

Abin da ya faru ke nan a shekarun 1990. Bayan babban taron ƙasa na 1991, sandikoki sun samu murya da ba su taɓa samu ba, musamman a ƙarƙashin USTN. Amma a daidai wannan lokaci gwamnati ta tara bashin albashi na watanni, yajin aiki ya yawaita. Yaji kuwa yana cin kuɗi: a buga sanarwa, a tura mutane har ƙauyuka. Wato bukata ta ƙaru a lokacin da samu ya ragu. Sai kuma karyewar darajar sefa a Janairu 1994, inda tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga dala 10 zuwa dala 20. Takarda, tawada da kayan gyaran mota, duk daga waje ake shigo da su, suka yi tsada.

Canji mafi girma, a ganinmu, ya zo ne a 1998, da aka fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda daga baya aka kira ƴan kwantaragi, a kan jika 35 a wata. Da shirin ilimi na shekara goma da aka soma a 2003, suka zama su ne mafi yawa a firamare. Mai duba adadi kawai zai ce sandika ta samu kasuwa. Amma malamin da ɗan kuɗinsa ke makara, kuma yake tafiya mai nisa kafin ya karɓe shi, da wuya ya fara da biyan kati. Bayan haka, ƴan kwantaragi sun kafa ƙungiyoyinsu, irin su SYNACEB, saboda matsalarsu daban ce: su neman shiga aikin gwamnati na dindindin suke yi. Kuɗin da a da ke taruwa wuri guda ya rarrabu.

Saboda haka, mai binciken da ya samu littafin ma'ajin reshe, ya kamata ya jera shi wata-wata da ranakun biyan albashi, ya kuma ware katin ma'aikacin dindindin da na ɗan kwantaragi.