Takarda ɗaya, ƙasashe biyu: me ya riƙe arewacin Nijar?

Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga CEDEAO ranar 28 ga Janairun 2024, gardama ba ta mutu ba a fadojin shayi na Dakoro. Wasu na cewa mu ja ƙofarmu mu tsare gidanmu, baƙo bai taɓa kawo mana kwanciyar hankali ba. Wasu na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, tsaro ba ya yiwuwa sai da haɗin gwiwa. Akwai wata tambaya a tarihinmu na kusa wadda duk mai son raba wannan gardama ya kamata ya fara warwarewa.

A watan Mayun 1990 jini ya zuba a Cintabaradan ta Nijar, a watan Yuni kuma aka kai hari Menaka ta Mali. Tawayen Abzinawa ya tashi a ƙasashen biyu. Dukkansu sun sa hannu kan sulhu: Mali a 1991 da 1992, Nijar ranar 24 ga Afrilun 1995. Dukkansu sun ƙone makamai a bainar jama'a, Tumbutu a 1996, Agadas a 2000. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, mayaƙa suka kwararo daga Libiya zuwa ƙasashen biyu. Amma a Afrilun 2012 arewacin Mali ya suɓuce har aka ayyana ƙasar Azawad, arewacin Nijar kuwa ya tsaya. Me ya raba su?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce takardar 1995 ta fi ta Mali inganci. Wannan bai tsaya ba. Takardar ba ta ma gama kashe wutar ba, sai da aka ƙara zama a Aljas a 1997, aka sake wani da Tubawa a Njamena a 1998. Kuma a Fabrairun 2007 ƙungiyar 'yan tawayen MNJ ta kai hari Iferwan, tana ƙorafin an saɓa alkawari kuma arzikin yuraniyom ba ya isa ga mutanen Ayar. Sai a 2009 bindiga ta yi shiru. Ashe tamu takardar ma ta yage, aka ɗinke.

To ko sojojin ƙasashen waje ne? A nan ma lissafi ya ƙi. Mali ce ta fi kowa samun su: Faransa ta shiga a Janairun 2013, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya mai sojoji fiye da 10,000 ta zauna shekara goma, aka yi yarjejeniyar Aljas a 2015. Rundunar ta tattara ta fita a ƙarshen 2023, Bamako ta soke yarjejeniyar a Janairun 2024. Yawan kaki bai haifar da aminci ba.

Amsa ta uku tana nan gabanmu a Dakoro. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ratsa wannan yanki ne ta kwarin Tarka: kudu gonakin hatsi, arewa makiyaya har Bermo da Gadabeji. Je bakin rijiyar makiyaya da rani ka gani. Raƙumi na jan igiya, yaro na kora shi, guga na fitowa ana juye shi a kwami. Garken Bafillace na jira, na Buzu na sha, Bahaushe na gefe da jarkokinsa a amalanke, kuma kowa ya san layinsa domin tun da asuba aka daidaita da mai rijiya, da Hausa. A Mali tawaye ya samu yanki mai nisa da Bamako wanda zai kira nasa shi kaɗai. A Nijar Abzinawa na Agadas, suna Tawa, suna Damagaram, suna Maradi da Tillaberi, sun yi auratayya da ciniki da kowa, ga wasan taubasantaka tsakanin Buzu da Bazabarme. Da wuya a ja layi a ce daga nan ƙasar wane ta fara.

Wannan ya kusa, amma bai isa ba. A Oktoban 1991, a Toda da ke cikin jihar Maradin nan, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasari mata da yara na Fulani. Mutanen da suka san juna ne, masu cin kasuwa ɗaya. Cuɗanya kaɗai ba ta hana ɓarna.

Abin da ya biyo bayan Toda shi ne ya buɗe ƙullin. A 1993 aka kafa dokar karkara, aka fara hukumomin filaye inda hakimi da manomi da makiyayi da ma'aikacin gwamnati ke zama tare. A ƙasar Dakoro an bi burtali an kafa masa turakun siminti, bayan an zauna da gari-gari da ruga-ruga, kuma duk shekara sai an sake tsayar da ranar sakin gonaki. Irin wannan aikin ne aka yi wa sulhun 1995. An kafa hukuma ta musamman da ke bin sawunsa, wadda a 2011 ta zama HACP. Rhissa Ag Boula, madugun 'yan tawaye, ya zama ministan yawon buɗe ido. Mohamed Anacko, shi ma tsohon ɗan tawaye, ya shugabanci majalisar jihar Agadas. Brigi Rafini, ɗan Iferwan, ya riƙe muƙamin firaminista daga 2011 zuwa 2021. Masu dawowa daga Libiya kuma aka tare su a hanya, aka ce a ajiye makami kafin a shiga gida, alhali a Mali ayari-ayari suka isa yankin Kidal da makamansu. Sulhu rijiya ce: haƙa ta rana ɗaya ake biki, amma in ba a yasarta sai ta cushe. Nijar ta yi ta yasa, ga asirin.

Saura abu ɗaya da masu cewa a ja ƙofa ke mantawa. Duk lokacin da aka ɗinke ɓarakar nan, maƙwabci na zaune a tabarmar. Aljeriya da Burkina Faso da Faransa ne suka shiga tsakani a 1995, Cadi a 1998, Libiya a 2009. Haka a 2019, da 'yan bindigar Zamfara suka koro dubban mutane zuwa jihar Maradi, gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zo Maradi suka zauna da takwaransu.

Kowane ɓangare na gardamar yana riƙe da rabin gaskiya. Ba wanda zai zo daga waje ya yi mana adalci tsakaninmu, wannan aikinmu ne. Amma ɓarawon shanu da mai safarar makamai ba su san iyaka ba, kuma dabbobin Dakoro kasuwannin Najeriya suke nufa. Yau da Tillaberi da Difa ke zubar da jini, ko da AES muke, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, ko da waninta, ma'aunin kowace yarjejeniya guda ne: wa zai ci gaba da zama da masu ƙorafi bayan an sa hannu, kuma wace ƙofa aka bar wa maƙwabci ya shigo a yi magana?