Zaurance: Wasan Yara ko Darasin Tsarin Sauti?

Lokacin da muke yara a unguwar Gangare da ke Jos, da zarar kakarmu ta ji mun fara zaurance sai ta ɗaga murya ta ce, "Ku daina lalata mana harshe!" Mu kuwa ba don komai muke yi ba sai don mu ɓoye wa manya asirinmu. Sai da na zauna a ajin tsarin sauti na gane cewa abin da take hana mu shi ne malam yake ta fama ya koya mana a kan allo.

Zaurance dai shi ne sauya fasalin kalmomi bisa wata ƙa'ida da masu yin sa suka amince da ita. Iri biyu muka fi yi. A na farko, bayan kowace gaɓa sai a saka harafin "d" tare da maimaita wasalin gaɓar, wato "zo mu tafi" ya koma "zodo mudu tada fidi". A na biyu kuma juya gaɓoɓin ake yi: "gida" ya zama "dagi", "tsaka" ya zama "katsa".

A nan ne abin sha'awar yake. Yaron da bai taɓa riƙe alli ba, ba zai raba "ts" gida biyu ba, domin kunnensa ya san sauti ɗaya ne, ko da yake da haruffa biyu muke rubuta shi. Haka kuma in ka ba shi "hannu" zai ce "nuhan". Ka ga ke nan ya yanka kalmar daidai inda littafi ya ce a yanka, tsakanin tagwayen baƙaƙen, ya bar rufaffiyar gaɓar "han" ba tare da ya taɓa ta ba. Mu da muke jami'a, sau nawa muka faɗi wannan tambaya a jarrabawa?

Masana ba su raina wasan ba. Paul Newman ya yi bayaninsa a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, Ousseina Alidou kuwa a kan irin waɗannan wasanni a harsunan Nijar ta rubuta kundin digirinta na uku a 1997.

A Jos lamarin yana da wani armashi na daban, domin Hausa ce ke haɗa 'ya'yan Birom da Afizere da Anaguta da Angas da sauransu a filin wasa. Abokina wanda ba ya iya furta "ƙ", "k" ɗinsa yake tafiya da ita cikin zaurance, kuma bai taɓa kuskuren gaɓa ba. Sai dai tun rikicin 2001 unguwanni suka rarrabu, irin wannan cuɗanya ta ragu ƙwarai. Ga kuma iyayen da ke hana 'ya'yansu Hausa a gida wai don Turancinsu ya nuna.

Ni a ganina kuskure ne a tsawata wa yaro don yana zaurance. Wanda ya saba rarraba kalma da baki, haɗa baƙi da wasali ba zai yi masa wuya ba ranar da aka sa shi makaranta. Satin da ya wuce na ba ƙanwata 'yar shekara shida kalmar "makaranta". Kafin in rufe baki ta ce "mada kada radan tada", ta kuwa kai "n" ɗin ƙarshen gaɓar, ba tare da kowa ya koya mata ba.