Yadda Tankin Jirgin Yaƙi Ya Zama Motar Tsere

Da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1945, gwamnatin Amurka ta wayi gari da tulin kayan jiragen sama waɗanda ba ta da sauran amfani da su, sai ta shiga gwanjonsu da arha. A cikin wannan tarkace ne waɗansu samarin Kudancin Kaliforniya suka tsinci abin da suka ƙera motocin tsere da shi, a bayan gidajensu, da hannunsu.

Tun kafin yaƙin dai samarin wannan yanki suna da wata al'ada. Sukan sayi tsohuwar Ford, su kwance mata duk abin da ke ƙara nauyi, sannan su yi wa injin gyaran ƙara ƙarfi. Irin wannan mota ita suke kira hot rod. Da yake tsere a kan titi ba ya jawo komai sai haɗari da kamun 'yan sanda, sai suka riƙa fita hamada, inda akwai busassun tafkuna masu ƙasa sumul kamar daɓen ɗaki. A shekarar 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya mai suna SCTA, wadda aikinta shi ne auna gudun kowace mota da agogo, ta kuma rubuta shi.

To, ina ruwan mota da tankin jirgi? Ƙananan jiragen yaƙi irin su P-38 da P-51 ba sa iya tafiya mai nisa da man da ke cikinsu kaɗai. Saboda haka akan rataya musu ƙarin tanki a ƙarƙashi, idan man ya ƙare ko an yi arba da abokan gaba sai matuƙi ya sake shi ya faɗi. An ƙera tankin da siffar ɗigon ruwa, gaba a dunƙule, baya a tsuke, don ya ratsa iska ba tare da ya rage wa jirgi gudu sosai ba.

Wani ɗan tsere mai suna Bill Burke yana aikin soja a Tekun Fasifik sa'ad da ya ga an yi lodin irin waɗannan tankuna a jirgin ruwa a tsibirin Guadalcanal. Bai tsaya kallo kawai ba, sai da ya je ya auna ɗaya. Da yake ya haddace faɗin injin Ford da na ƙafafunta na baya, nan take ya gane za su shiga ciki. Da ya koma gida ya sayi tanki mai cin galan kamar 165, ya ɗora shi a kan tsohon ƙarfen mota, ya sa inji mai silinda 8 a gaba. Wurin ya yi kaɗan, har sai da ya liƙa sirdin keke ya zauna a kai, kansa da kafaɗunsa a waje. Duk da haka, a shekarar 1946 motar ta yi gudun mil 131 da ɗoriya a sa'a, wato fiye da kilomita 210.

Bayan wannan ya samo babban tankin P-38 mai cin galan 315, ya mai da inji baya, direba kuma ya shige gaba. Wannan tsari shi sauran maƙera suka bi.

Mai karatu zai so ya san sirrin wannan gudu. Lissafi ne. Idan mota ta ninka gudunta sau 2, turjiyar iska takan ninka sau 4, ƙarfin da inji ke bukata don ya ture ta kuwa sai ya ninka sau 8. Ke nan mai ƙaramin inji ba shi da dabarar da ta wuce ya rage wa iska wurin kamawa. Injiniyoyin jirgi sun riga sun kashe maƙudan kuɗi wajen gano siffar da ta dace, samarin kuwa suka saye ta a farashin gwanjo. Ba tanki kaɗai ba, har kujerun jirgi marasa nauyi da ɗamarar matuƙa sun shiga motocinsu.

A shekarar 1949 aka fara makon tsere na shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Yuta, inda fili ya fi tsawo. Alex Xydias, tsohon sojan sama wanda ya buɗe shagon So-Cal a garin Burbank a 1946, ya kai tasa motar tankin can, a 1952 ta yi mil 198 a sa'a. Tom Beatty kuma ya yi shekaru yana gyaran tasa, har a 1962 ta kai mil 243, wato kusan kilomita 390. Wannan mota tana ajiye a gidan tarihi na Henry Ford a jihar Mishigan.

Amma fa abin ba wasa ba ne. Direba yana takure a cikin siririn ƙarfe, mai da inji mai zafi suna bayansa, ƙafafunsa ne a kan gaba idan aka yi karo. Shi ya sa ƙungiyar ta riƙa tsananta dokoki, ana duba kowace mota kafin a bar ta ta shiga fili. Ba kuma a hawa irin waɗannan motoci a kan titi.

Sarrafa tarkace ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A unguwanninmu tsohuwar taya takan zama takalmi ko guga, gwangwani ya zama fitila. Abin da ya dame ni shi ne yawan yaran da nake gani suna barin aji su tafi gareji, suna cewa bakanike ba ruwansa da lissafi. Dubban sojoji sun ga tankunan nan, amma wanda ya san awo shi ya ga mota a cikinsu, kuma agogo da littafin rubutu ne suka nuna wa kowane maƙeri ko gyaransa ya yi amfani. Ina roƙon iyaye da masu gareji su bar yaro ya haɗa biyun, da safe makaranta, da yamma sifana.