Wa Ke Yanke Wa Kwamfuta Wa'adi? Nazari Daga Ƙasar Zuru

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, sa'ad da manoman ƙasar Zuru suka duƙufa ga aikin kaka, hankalin kowa yana kan abin da rumbu zai ɗauka, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya zartar da wani hukunci wanda ba a yi shelarsa a kasuwar Zuru ko ta Ribah ba, amma wanda sannu a hankali zai iske kowane ofishi da makaranta da shagon buga takardu na wannan masarauta, wato ya janye hannunsa daga kula da babbar manhajar nan mai suna Windows 10, bayan ta shekara 10 tana aiki. Ma'anar janyewar ita ce, duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano a jikin manhajar daga wannan rana, kamfanin ba zai ƙara aiko da abin toshe ta ba, sai fa ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, shi ma mai iyaka. Magajiyarta kuwa, Windows 11, wadda ta fito tun 2021, an gindaya mata sharuɗɗan da akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba za su iya cikawa ba, domin tana neman masarrafa ta zamani da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasin cewa wannan al'amari zai iya mai da kwamfuta kimanin miliyan 240 abin zubarwa a faɗin duniya, alhali kuwa da yawansu lafiyarsu lau, babu abin da ya taɓa su.

Adalci ya wajabta a ambaci hujjar kamfanin, gama ba hujjar banza ba ce. Tsare manhaja daga masu kutse aiki ne mai cin dukiya da ma'aikata, ba a kuma tilasta wa ɗan kasuwa ya yi ta hidimar abin da ya sayar har abada. Sai dai inda nake da ja shi ne a asalin cinikin. Malamanmu na fiƙihu, tun daga babin ciniki na Risala har zuwa Muhtasar, sun rarrabe tsakanin bai'i, wanda ke mallaka wa mai saye abin da ya saya baki ɗaya, da ijara, wadda ke ba shi amfani kaɗai zuwa wani lokaci sananne. Sun kuma hana duk cinikin da jahilci ya lulluɓe wa'adinsa. Mutumin Dabai ko Mahuta da ya ƙirga kuɗinsa ya karɓi kwamfuta yana zaton bai'i ya yi, alhali ƙarfe da gilashi kaɗai ya mallaka, manhajar da ke motsa su kuwa izinin amfani aka ba shi, bisa wasu sharuɗɗa masu tsawo cikin Turanci waɗanda bai karanta ba, wanda ya sayar masa ma bai karanta ba. Misalin wannan kamar maƙeri ne ya sayar wa manomi garma, bayan shekaru ya aiko masa da saƙo cewa, ko da yake bakinta bai dakushe ba, ƙotarta ba ta tsage ba, daga bana ba ta halatta ga huɗa.

Kafin a san nauyin wannan a kanmu, wajibi ne a san irin kwamfutar da ke isowa Zuru. Ba kasafai sabuwa cikin kwalinta ke zuwa ba, musamman tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Abin da ɗalibi da malamin makaranta da mai shagon buga takardu ke iya kaiwa gare shi shi ne na hannu, wanda 'yan kasuwa ke kira Beljiyam ko ɗan Landan: kwamfutar da wani banki ko asibiti a Turai ya yi shekaru yana aiki da ita ya sallame ta, ta biyo jirgin ruwa zuwa Legas, ta sauka kasuwar Computer Village ta Ikeja, daga can ta yi arewa, wata ta Kano, wata ta Kwantagora da Rijau, har ta iso hannun mai ita na uku ko na huɗu. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya nuna cewa kayan lantarki na hannu kimanin tan 60,000 ke shigowa Nijeriya a shekara, kusan rubu'insu kuwa matattu ne tun kafin su sauka. Saboda haka, duk kwamfutar da hukuncin Oktoba ya kora daga ofisoshin Turai, ba wani wuri za ta nufa ba face irin garuruwanmu, da araharta da aibinta gaba ɗaya.

Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin musiba tsantsa ba, dalilina kuwa yana kan teburin mai gyara. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ɗaya daga cikin samarin nan yana buɗe tsohuwar kwamfutar ofis a ƙarshen hunturu ya san abin da nake nufi. Yakan kifa ta a kan tsumma, ya kwance 'yan kusoshi ya jera su cikin murfin kwalba don kada su ɓace, ya ɗaga marfin, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka ta yi kauri, ta toshe hanyar iska, wadda ita ce sanadin zafin da ke sa na'urar ɗaukewa da tsakar rana a watan Afrilu. Sai ya share da tsohon buroshin haƙori, ya kankare busasshen man da ke kan masarrafa ya shafa sabo, ya zare tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa na zamani marar motsi, ya ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki da ya ciro daga wata da ta mutu. Kafin la'asar, na'urar da mai ita ya fid da rai da ita ta tashi da saurin da bai taɓa ganin ta yi ba. Duk wannan ya yiwu ne domin waɗanda suka ƙera ta sun bar mata ƙofa, sun ɗaure sassanta da kusoshi, sun yi nufin a riƙa buɗe ta.

Sababbin da ake yayi yanzu, sirara masu ƙyalli, da yawansu an like ƙwaƙwalwarsu a jikin allon uwa, an manne batirinsu da gam, ta yadda in sashe ɗaya ya lalace sai a yi asarar sauran. A birnin da kamfani ke da wakili a kowace unguwa, la'alla wannan ƙaramin aibi ne. Amma a garin da wakilin kamfani mafi kusa yake tafiyar yini, inda wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke ba sallama duk da cewa madatsar Kainji, wadda aka kammala tun 1968, ba ta da nisa da mu, inda kuma janareto ke aiko da wuta mai hawa da sauka da ke ƙona caja, sirantaka ba falala ba ce. Ma'aunin kwamfuta ta gari a Zuru, a nawa ra'ayi, shi ne a iya buɗe ta, a sami kayan gyaranta a Kano ko Sakkwato, batirinta ya ciru ya sauyu, ta kuma jure zafin bazara. Faransa ta fahimci wannan har ta wajabta, tun Janairun 2021, a manna wa kwamfutocin tafi-da-gidanka maki da ke nuna sauƙin gyaransu. Mu da muka fi Faransawa buƙatar sanin haka, da kyan fuskar na'ura muke ciniki.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan talaka da wannan, tun da waya ta wadatar? Waya ta yi mana alheri mai yawa, ba a musu, amma ta fi ƙarfi wajen karɓar abin da wasu suka yi, kwamfuta kuwa ita ce wurin yi: a kanta ake rubuta kundin digiri, a tsara lissafin ƙungiyar manoma, a koyi rubuta manhaja, a tattara ƙamus na harshe irin C'lela, wanda in 'ya'yansa ba su yi masa wannan hidima ba babu baƙon da zai yi. Bayan haka ga jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, hukumar WAEC ma ta fara bin sawu a 2024 da masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Yaron da ya taso daga wani ƙauye na Sakaba ko Fakai, ya sha karatunsa da fitilar hannu, ya san amsa sarai, sai ya zauna gaban allon da bai taɓa taɓawa ba, yatsunsa na rawa yana neman inda harafin N yake don ya wuce zuwa tambaya ta gaba, agogo kuwa yana ci a kusurwar allo. Abin da aka auna a wannan zama ba iliminsa kaɗai ba ne, har da sabonsa da na'ura. Wannan kuwa zalunci ne da tsofaffin kwamfutoci 20 a ɗakin makarantarsu, da faifan sola a kan rufi, za su iya kawar da shi.

Saura maganar manhajar da za a ɗora musu. Sanannen abu ne cewa abin da ake zuba wa mutane a shaguna galibi kwafin sata ne, wanda aka fasa makullinsa, wani lokaci ma da cuta a ɓoye cikinsa. Wannan hanya tana da illa biyu, ta aminci da ta shari'a, gama Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne abin kiyayewa wanda bai halatta a keta shi ba, ban kuma san wani addini a ƙasar Zuru, mai masallaci da coci da al'adun kakanni, da ya halatta cin haƙƙin wani ba. Akwai hanya ta uku tsakanin satar da sayen abin da ya fi ƙarfin aljihu. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da yunƙurin samar da manhaja wadda kowa ke da izinin amfani da ita, ya karanta cikinta, ya gyara, ya raba. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar abin da ake kira Linux. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da Ubuntu don sauƙaƙa ta ga jama'a. A fahimtata wannan ya yi kusa ƙwarai da wakafi, dukiyar da aka tsare asalinta aka sake amfaninta ga kowa. Wannan manhaja tana tafiya lafiya a kan na'urorin da Windows 11 ta ƙi, ana ci gaba da toshe ɓarakarta, ana kuma samun LibreOffice na rubutu da lissafi a kanta kyauta. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da mai da makarantun gwamnatinta kan irin wannan manhaja, yaranta kuma ba su koma baya ba. Wanda ke riƙe da wayar Android ma, zuciyar Linux ce ke aiki a tafin hannunsa.

Ban ce babu wahala ba. Wanda ya saba da CorelDraw wajen tsara katin biki zai ji baƙunci, wata na'urar buga takarda za ta yi gardama, mai gyara kuma ba zai so abin da bai koya ba. Amma duk waɗannan matsaloli ne na koyarwa, koyarwa kuwa tana da gida a garin nan, tun da a 2020 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona a Zuru. Ina ganin sanin gyaran na'ura da sarrafa manhajarta ya shiga sahun farillan kifaya, irin su likitanci da ƙira, waɗanda in gari ya rasa mai yin su laifin ya hau kan kowa. Da jami'ar da sakandaren masarauta za su buɗe gajeren horo ga masu gyara, na ɗora Linux da kula da batir da sola, da kwamfutocin da Turai ta sallama sun ƙara shekaru suna aiki a ajujuwanmu.

Haƙƙi biyu sun rage a wuyan 'yan kasuwarmu da hukuma. Na farko, ɓoye aibin haja, wanda malamai ke kira tadlisi, haramun ne, kuma yana ba mai saye damar mayarwa; daga yanzu, rashin iya ɗaukar Windows 11 aibi ne da ya wajaba mai sayarwa ya faɗa da bakinsa kafin a ƙirga kuɗi, kamar yadda zai faɗi raunin batir ko tsagewar allo. Na biyu ya shafi na'urar da ta mutu mutuwar gaskiya. Tsofaffin allunan lantarki suna ɗauke da dalma, maƙwabtanmu na Bukkuyum da Anka kuwa sun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, ko da yake tasu daga dutsen zinariya ta fito. Bai kamata a bar yara suna ƙona wayoyi a bola don cire tagulla ba, ko a jefa kumburarren batir a bayan gida inda awaki ke kiwo. Ƙaramar hukumar Zuru tana iya ware rumfa ɗaya a kasuwa inda za a riƙa tara irin waɗannan, masu gyara su ciri abin da zai yi amfani, sauran kuma a miƙa wa hukumar kula da muhalli ta NESREA ko masu sake sarrafawa da ta ba lasisi.